Buzun Malam Ya Koma Kiyako

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Malam. Ni da abin da ya faru nake lissafi. Ya rasu a kakar da ta biyo bayan saukar fara a kan gero yana fitar da kai, damina biyu bayan harin mutanen dutse da ya kore mu muka fake a bayan ganuwar Gwaram. Jikata da aka haifa ana zaman makokinsa, yau ga ta da goyo a baya. Duk wanda ya ce lissafina bai yi ba, ya zo ya dubi yarinyar.

Malam nake cewa domin mijina ne. Ban kama sunansa yana raye ba, ba zan kama yana ƙasa ba, kuma mutanen Dingaya sun san wanda nake nufi. Ni ce Dije, 'yar Kwandiko. Ban san baƙi ko ɗaya ba, abin sallata da ka na riƙe shi. Amma na tsufa ina tuƙa tuwo a bayan zanar makaranta, kuma abin da kunnena ya kwasa ba zan bari a binne ni da shi ba. Faɗa nake yi, Malam Jatau limamin unguwarmu yana rubutawa, don a karanta wa malaman ƙasar Gwaram da na Birnin Kudu idan sun taru a gidan nan yi wa Malam addu'a.

Na san abin da za a faɗa a taron. Za a ce yana da haƙuri, yana da tilawa, rubutunsa kamar an jera tsaba. Duk gaskiya ne. Sai dai babu wanda zai tashi ya ce Malam ya yi shekaru yana karantar da rabin makarantarsa, rabin kuma yana zaune a banza a gabansa bai sani ba. Ni zan faɗa, domin abin da ya yi bayan ya sani shi ne abin da ya fi komai girma a rayuwarsa.

Makarantar tana gindin tsamiyar ƙofar gida. Malam yakan shimfiɗa buzunsa ya jingina da bangon zaure, yara su zauna dama da hagu da allunansu, kowa ya ɗaga murya da nasa karatun. Haka ya gada, haka kowa ke yi. Malami ba ya tashi daga buzu. Yana zaune yake tsinto kuskure a cikin hayaniyar nan, ya kira sunan yaro ya gyara masa. Malam kuwa gwani ne a wannan, har ana ba da labarinsa.

To, wata shekara da aka yi ruwa har kogi ya shafe gonakin fadama, ya kwanta da zazzaɓi mai sanƙarar da wuya. Allah ya tashe shi, amma kunnensa na hagu bai tashi tare da shi ba. Shi a ganinsa kunnen ya ɗan yi nauyi ne kawai. Ni na gane tun makon farko, domin in na kawo abinci ta hagu na yi sallama, sai in tsaya har hannuna ya gaji. Na koma zagayowa ta dama. Maƙwabta suka gane, su ma suka koma dama. Babu wanda ya ce uffan. Wa zai dubi malamin gari ya ce masa kunnenka ya mutu? Girmama shi muke yi, a yadda muka san girmamawa.

Yara sun fi kowa saurin ganewa. Kafin damina ta zagayo, duk malalacin yaro ya san wurin zamansa. Masu son karatu suna dama, masu son wasa suna rige-rigen hagu tun da sassafe. Yaron hagu yakan matso ya yi ta motsa baki da kaɗa kai, Malam ya ga baki yana tafiya daidai, hayaniya ta cika wuri, sai ya ce, "Madalla, je ka wanke." A wanke allo a rubuta ƙari. Wannan da ke riƙe da alƙalami yanzu, shi ne sarkin hagu. Ya ce kada a sa wannan, na ce ya rubuta. Da bakinsa ya gaya mini daga baya cewa sunayen awakin gidansu yake jerawa da muryar karatu, Malam yana ce masa madalla.

Abin da ya tona maganar karaya ce. Malam yana da aboki, Malam Gambo na Kiyako. Gaban malami ɗaya suka durƙusa a Birnin Kudu suna samari, a akushi ɗaya suka ci, don haka babu kunya a tsakaninsu. Idi, ɗan Malam Gambo, ya faɗo daga kan ɗorawa ya karya cinya. A lokacin babu maɗori kamar na Dingaya, sai aka ɗauko yaron a kan amalanken kara aka kawo shi gidanmu. Maɗori ya ɗaure ƙafa ya ce ba za a motsa shi ba sai ƙashi ya kama. Malam Gambo ya rasa yadda zai yi. Ga ɗa a kwance, ga makaranta ya baro babu kowa sai gardi ɗaya.

Malam ya ce masa, "Zauna a tawa, in je in zauna a taka. Karatu ɗaya ne, yara kuma duk yara ne."

Ya naɗe buzunsa ya ɗaure a bayan jaki ya tafi. Babu wanda ya yi niyyar gyara wani. Taimako ne kawai irin na abokai.

Ina jinyar Idi da kunun tsamiya, ina jin makaranta ta bayan zana. Ba a yi nisa ba na ji sautinta ya sake. Hayaniya ta ragu, sai murya ɗaya-ɗaya, wata tana tafiya sumul, wata tana tuntuɓe har ta tsaya. Na ji Malam Gambo yana tambayar yaro, "Kai ina kake zama in Malaminku yana nan?" Yaro ya nuna. Ya kira wani ya yi masa tambayar. Da ya shigo duba ɗansa na ga fuskarsa babu walwala, na ɗauka ƙafar ce ke damunsa.

Ranar da Malam ya dawo, bayan la'asar suka zauna a zaure. Na kawo fura na ajiye na koma bayan zana, ban yi nisa ba. Ba na ɓoyewa, saurare na tsaya yi. Malam ne ya fara.

Ya ce, "Gambo, yaranka sun iya karatu. Amma ran nan na ɗaga hannu zan sosa ƙeya, sai na ga sahun gaba duk sun sunkuya sun kare kai. Me kake yi musu?"

Malam Gambo ya ce, "Tsumagiya ce. Da ita aka karantar da mu."

"Da ita aka karantar da mu, shi ya sa har yau in na tuna Malaminmu bayana nake fara tunawa. Akwai wani ƙaramin yaro a can, in ka kau da kai karatunsa kamar ruwa, in ka dube shi sai harshe ya ƙulle."

"Na ji. Ka gama?"

"Na gama."

Sai na ji motsi. Na leƙa ta ramin zana, na ga Malam Gambo ya tashi ya koma hagun Malam ya zauna, ya yi magana a hankali. Ni da ke nesa na ji abin da ya ce. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, haka ne."

Malam Gambo ya zagayo dama ya ce, "Ka san abin da na faɗa?"

"Ba maganar yaron kake yi ba?"

"Cewa na yi kai kurma ne ɓari guda, kuma gemunka ya yi kama da na bunsuru. Ka ce madalla."

Na toshe bakina da zane. Malam bai yi dariya ba. Malam Gambo ya ci gaba, ya ce ya saurari yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ke zama a dama karatunsa lafiya. Na hagu kuwa, akwai wanda aka ce ya yi izu biyar amma in ka nuna masa baƙi da tsinke ba zai gaya maka sunansa ba. Ya ce, "Ba ilimi ne ya gaza maka ba, abokina. Wurin zama ne. Kana zaune wuri ɗaya, yara sun auna ka sun gama."

Malam ya ɗaga murya ya ce, "Dije! Na san kina nan."

Na ce, "Ina nan, Malam."

"Kin san da maganar kunnen nan?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ciwon shekarar ruwa."

"Me ya hana ki faɗa?"

Na ce, "Ba ka tambaya ba. Kuma ban ga wanda ya riga ni faɗa ba, har da masu gemu."

Malam Gambo ya ce, "Kada ka ga laifinta. Har mai tallan daddawa ta dama take zuwar maka."

Kwana biyu Malam bai fita makaranta ba, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Na yi zaton zai yi fushi da abokinsa, domin na ga an raba zumunci a kan abin da bai kai wannan ba. Da ya fito, sai ya fara da kuskure. Ya ja buzu zuwa ƙarshen bango don kowa ya koma damansa. Yara suka sake auna shi, malalata suka koma can baya inda murya ba ta isowa. Da ya ga haka sai ya yi abin da ban taɓa ganin malami ya yi ba. Ya tashi tsaye. Ya bar buzu a shimfiɗe ya shiga cikin yara, ya durƙusa kusa da wannan ya kara kunnen dama, ya matsa ga wancan. Ya hana kowa mallakar wurin zama, wanda ya zauna gaba yau gobe yana baya. Ya ce ba za a ƙara wanke allo ba sai yaro ya biya shi kaɗai, kowa ya yi shiru, kuma Malam ya sa tsinke a tsakiyar allo ya ce fara daga nan.

Gari ya yi ta magana. A bakin rijiya wata ta ce mini, "Dije, an ce Malaminku ya koma kiwo, yana bin yara kamar tumaki." Na ce mata ta kawo tata tunkiyar a duba, ko ta san alif.

Abin da ya fi zafi shi ne mayar da yaran hagu baya. Malam ya tara su ya sa aka wanke allunansu tas, ya mayar da su babbaƙu, wato sanin haruffa tun daga farko, tare da ƙananan da ba su daɗe da yaye ba. A nan iyaye suka tashi. Uban Jatau, maƙeri ne mai faɗa, ya zo har zaure da gawayi a hannunsa.

Ya ce, "Malam, ɗan akuya na yanka na yi sadaka ranar da ka ce yaron nan ya ci gaba. Gari duk ya ci. Yanzu ka ce bai san komai ba? To, wa ya yi ƙarya, ni ko kai?"

Malam ya ce, "Ni ne. Ban ji karatunsa ba na ce ya yi. Laifina ne, ba na yaro ba."

"To, akuyata fa?"

"Ladanta yana nan. Karatun ne babu."

Maƙeri ya janye ɗansa ya kai shi bakin zuga-zugi. Wasu gidaje suka bi shi. Makarantar da tsamiya ba ta isarta inuwa ta koma ana shimfiɗa tabarma uku ta ishe su. Hatsin da iyaye ke kawowa da kaka ya ragu, ni na san yadda na yi da rumbu a shekarar nan, kuma ban kai ƙara gidan kowa ba. Na ce da Malam ko zai sassauta, ya bar manyan su ci gaba daga inda suke a riƙa gyarawa a hankali. Ya ce, "Dije, yaran nan gobe su za su ja salla a ƙauyuka. In na bar su haka, duk wanda ya bi su ni na ɓatar da shi."

Jatau da ƙafarsa ya dawo, bayan ƙanensa da aka bari a makaranta ya karanta allo a gaban baƙi shi yana tsaye kamar turmi. Ya zauna cikin ƙanana da gashin baki yana tsiro masa. Suna yi masa dariya, yana haɗiyewa. Yau shi ke jan mu salla, kuma ban ji wanda ya taɓa gyara masa karatu ba. Sauran ma suka dawo da kaɗan-kaɗan, ba duka ba. Akwai waɗanda suka tafi ke nan, Malam yana ambatonsu har ya tsufa.

Da kaka ta zagayo aka gama shigar da dawa, sai Malam ya naɗe buzunsa ya ba fatake masu wucewa ta Kiyako. Ya ce su ajiye a zauren Malam Gambo, ba sai sun ce komai ba. Ba a jima ba buzun Malam Gambo ya iso mana. Daga nan abin ya zama al'ada. Wanda ya riga gama aikin gona ya aika nasa, ɗayan ya mayar da nasa, sai kowa ya bi buzunsa ya zauna a makarantar ɗan'uwansa kamar mako biyu. In an gama su haɗu su gaya wa juna abin da suka gani, ba a gaban yara ba, ba a gaban iyaye ba. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba a dawowa a ce komai lafiya.

Kowace shekara da abin da ake samowa. Wata shekara aka ce Malam yana ba ƙanana ƙari mai yawa. Wata shekara aka ce 'yan mata suna tashi tun kafin a saurare su saboda aiken gida, sai ya koma fara saurarensu kafin maza. Malam Gambo bai jefar da tsumagiya ba, kada in yi masa ƙarya yana kabari, amma ta koma rataye a reshe, sai a yi kwanaki ba a sauko da ita ba. Ba kullum suke rabuwa da dariya ba. Na sha ganin Malam Gambo ya hau jakinsa ko furar sallama bai sha ba. Da kaka kuma buzu ya iso.

Yanzu makarantu sun yi yawa, alhamdu lillahi. Tun da hari ya lafa mutane suka koma ƙauyukansu, kowace unguwa da tata. Samari suna dawowa daga gabas da daga Kano da karatu mai zurfi, wasu sun fi Malam sani, ban musa ba. Amma kowa ya kama gindin bishiyarsa ya tsare. In wani malami ya tsaya sauraron yaransa sai a ce ya zo neman aibi ko ya zo janye almajirai. Da Malam zai leƙo, ba zai tambayi izu nawa suka haddace ba. Cewa zai yi, "Wa ya taɓa zama a wurinka kana nesa? Me ya ce maka?" Na san da yawa ba su da amsa.

Ba sai na je nesa ba. Wanda ya gaji makarantar gidan nan ɗana ne na fari. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba, haka aka raine mu. Shekarar da ta biyo bayan rasuwar Malam, Idi ya aiko da buzu daga Kiyako, domin shi ya gaji mahaifinsa. Mai zauren nan, wato ɗan nawa, ya mayar masa da shi tare da goro, ya ce a gaya masa an gode, nan babu abin da ya lalace. Daga ranar ba a ƙara ba.

Mutumin kirki ne, yana da karatu, kuma yana zagaya yara kamar yadda ya ga ubansa yana yi. Kunnensa garau. Idonsa ne. In an tashi makaranta nakan fita in share gindin tsamiya, kuma kusan shekara biyu ke nan ina ganin ƙasar da ke gefen kurtun tawadarsa ta yi baƙi, domin alƙalami yana kuskure bakin kurtu. Na ga yana kai allo har kan hancinsa. Na kuma ga abin da ya fi wannan tayar mini da hankali: akwai yaran da ba sa kawo rubutunsu a duba da safe. Sai rana ta yi ƙasa, inuwar tsamiya ta yi duhu, sannan su taso a jere. Ya duba ya ce, "Ya yi." Matarsa ta sani. Gardawansa sun sani. Kowa yana girmama shi, irin girmamawar da muka yi wa ubansa.

Na riga na ga inda wannan hanya take kaiwa, kuma ba ni da sauran shekarun da zan jira wani yaro ya faɗo daga ɗorawa. Tsohon buzun Malam yana rataye a ɗakina tun rasuwarsa, gashinsa duk ya zube a tsakiya. Da aka gama girbi na sauko da shi na kakkaɓe, na ba fatake. Na ce su gaya wa Malam Idi daga wadda ta ba shi kunu yana kwance ne. Na san za a iya mayar mini da shi da goro, ramuwa ce da ba zan ga laifinta ba. Na kuma san mai zauren nan zai iya cewa na tozarta shi a gaban almajiransa.

Ran kasuwar da ta wuce fatake suka dawo da ƙunshi. Buzun Kiyako ne. Na sa aka shimfiɗa shi a zaure. Da mai zauren nan ya shigo ya tsuguna ya shafa shi da hannu, ya ɗaga shi kusa da fuskarsa, sannan ya tambayi gardinsa na wane ne. Aka gaya masa. Kwana biyu tuwo yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Na ce a raina, wannan ma gado ne. Yau da safe matarsa ta shigo ɗakina ta durƙusa.

Ta ce, "Inna, wai in tambaye ki. Da Baba yana tafiya Kiyako, da guzuri yake tafiya ko can ake ba shi?"

Na ce, "Can ake ba shi. Amma ki daka masa ƙuli-ƙuli, miyarsu ba ta da gishiri."

Maganar ido kuwa, bakina ba zai iya gaya masa ba, shi ya sa na sa aka rubuta. Malam Jatau zai karanta masa shi kaɗai kafin taro. Ba a ce ya sauka daga buzu ba. Ubansa ya karantar da kunne ɗaya har ya koma ga Allah, kuma karatun da ya bayar bayan ya sani ya fi na kafin ciwon. Abin da ake so ya sani, ya nemi wanda zai riƙa duba masa rubutu, a kuma riƙa kawo allo da hantsi.

Cikin waɗanda suka ga farkon wannan abu, maɗori ya tafi, maƙeri ya tafi, Malam Gambo ya riga Malam da damina uku. Allah ya jiƙansu, ya haskaka kabarin Malam. Saura mu uku. Akwai ni. Akwai Jatau, da ke rubutu yana share ido yana cewa hayaƙi ne, alhali ban hura wuta ba. Akwai Idi, wanda har yau yake ɗingisa ƙafar nan, kuma jibi yake tafe. Na sa an share masa ɗakin da ya yi jinya. Na kuma aika masa cewa in ya zauna a gindin tsamiya kada ya yi saurin tashi, ya jira rana ta yi ƙasa ya ga su wa za su taso da allo.